Labarin Deborah Kerr, 'Yar Wasan Kwaikwayo Ta Ƙasar Sikotilan

Cikin sana'o'in da Turawa su ke girmamawa akwai wadda mu ba mu cika ɗaukarta sana'a ba, watau wasan kwaikwayo. A wurinmu in an ce kwaikwayo, abin da kan faɗo wa mutum a rai shi ne tashen yara da azumi, ko kuwa wasan da a kan yi a makaranta ran da za a ba da hutu, a yi dariya a watse. Su kuwa suna da mutanen da ba su da gona, ba su da kanti, tun ƙuruciya har tsufa abincinsu ke nan. Waɗansu suna yi a kan dandamali gaban jama'a, waɗansu a cikin majigi, kaɗan ne suka gwanance duka biyu. Cikin kaɗan ɗin nan akwai wata mace, Deborah Kerr. Na zaɓi labarinta domin sau da yawa malama ta ke fitowa, ko mai renon yara, mu kuwa aikin da mu ke koyo ke nan.

Ƙasar Sikotilan tana arewa da Ingila, tsibiri ɗaya su ke, tun 1707 kuma aka haɗe su ƙarƙashin mulki ɗaya. Babban birninta Edinbara, amma Gilasgo ya fi yawan mutane, yana bakin kogin Kilaid inda aka yi suna da ƙirar manyan jiragen ruwa. A Gilasgo aka haife ta ran 30 ga Satumba 1921. Sunan da aka raɗa mata Deborah Jane Trimmer. Kerr sunan dangin ubanta ne, ana kuwa faɗinsa "Ka", a ja wasalin. Uban injiniya ne, ya je Yaƙin Duniya na Fari, ya bar ƙafa ɗaya a fagen daga na Som cikin ƙasar Faransa. Shekara uku na farkon ranta ta yi su a Helensbara, wani ɗan gari a bakin ruwa yamma da Gilasgo, sa'an nan iyayenta suka ƙaura kudu zuwa Ingila. Saboda haka harshenta bai ɗauki karin mutanen Sikotilan ba, har mutane da yawa suka riƙa zaton Baturiyar Ingila ce gaba da baya.

Yarinya ce mai tsananin kunya, ita da bakinta ta sha faɗin haka har ta tsufa. Abin da ta fara koyo rawa ce, irin wadda Turawa ke kira bale, wadda a kan yi a kan yatsun ƙafa, ba a magana sai motsin jiki. A 1938 ta fito cikin taron 'yan rawa a gidan wasa na Sadler's Wells a Landan. Amma tsawo ya yi mata yawa, ta gane ba za ta yi nisa ba a nan. Allah ya sa tana da wata 'yar'uwar mahaifiyarta, Phyllis Smale, mai koyarwa a wata makarantar koyon wasan kwaikwayo a birnin Biristol, ita ce ta koya mata fid da murya da tsayuwa gaban mutane. A 1939 ta fara samun 'yan ƙananan wurare cikin wasannin Shakespeare a wani filin wasa na sarari a Landan, irin wuraren da mutum zai shigo ya faɗi kalma biyu ya fita.

To, a nan akwai abin tambaya. Ƙaƙa mai kunya za ta zaɓi sana'ar da ba ta da wani aiki sai tsayawa gaban idon jama'a? Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban aji ran fari na koyon koyarwa ya san amsar. Gwiwa tana rawa, miyau ya bushe, amma da ka ɗauki alli ka juya ga allo sai ka ji kamar wani ne dabam ke magana, ba kai ba. Haka ta ke a wurinta: in ta sa rigar wata mace sai kunyar ta sami wurin ɓuya.

Majigin farko da aka ɗauke ta, a 1940, da aka zo gyara sai aka yanke wurinta duka aka yar. Na biyu, Major Barbara na 1941, ta fito yarinya mai wa'azi da taimakon matalauta, har wani ɗan iska ya mare ta. A shekarar nan kuma ta fito 'yar masaƙa cikin Love on the Dole, labarin talauci da rashin aikin yi a arewacin Ingila. Daga nan sai waɗansu gwanaye biyu masu tsara majigi, Michael Powell da Emeric Pressburger, suka ba ta aikin da ya fid da sunanta. Cikin The Life and Death of Colonel Blimp na 1943 ta fito mata uku dabam dabam, cikin zamani uku na rayuwar wani hafsan soja, alhali shekarunta ba su wuce 21 ba. Firayim Minista Churchill bai so majigin ba ko kaɗan, domin ana tsakiyar yaƙi da Jamus aka nuna wani Bajamushe mutumin kirki. A 1945 ta zaga Faransa da Beljiyam da Holan tana yi wa sojoji wasa, a shekarar kuma ta auri wani matuƙin jirgin saman yaƙi, Anthony Bartley. Sun haifi 'ya'ya mata biyu.

Wanda na fi so mu tsaya a kansa shi ne Black Narcissus na 1947, aikin mutanen nan biyu dai, an ɗauko shi daga littafin wata marubuciya, Rumer Godden, na 1939. Ga yadda labarin ya ke. Waɗansu mata masu zaman zuhudu na addinin Kirista, su biyar, aka aike su daga Kalkata zuwa ƙwanƙolin duwatsun Himalaya, su buɗe makaranta da ɗakin shan magani a wani tsohon gidan sarauta inda a da wani sarki ya ajiye matansa. Deborah ce shugabarsu, Sista Clodagh, yarinya ƙarama mai ji da kanta, wadda aka ɗora wa girma tun bai kai ta ba. Ba su jin harshen mutanen wurin, wani ɗan yaro ne tafintansu. Ran da suka buɗe, makaranta ta cika maƙil, daga baya suka ji ashe sarkin ne ke biyan mutane kuɗi su zo. Wani Bature wakilin sarkin ya gargaɗe su, kada su ba da magani ga wanda ciwonsa ya yi nisa, domin in ya mutu a kansu za a ɗora. Wata cikinsu tausayi ya ci ƙarfinta, ta ba wani jariri magani, ya mutu. Kashegari ko yaro ɗaya bai zo ba. Wadda aka sa noman kayan miya ta shuka furanni, wata ta haukace ta faɗo daga kan dutsen da a ke kaɗa ƙararrawa, sauran suka naɗe kayansu suka sauka daidai faɗuwar damina.

Gwanintar Deborah a nan ita ce, an lulluɓe ta da farin mayafi, ba a ganin kome sai fuskarta, ba ta ɗaga murya, amma mai kallo yana ganin girman kai da kaɗaici da tunanin gida suna kokawa a bayan idonta. Abin mamaki kuma, ko ƙafa ba su taka Indiya ba. An ɗauki hoton a ɗakunan Pinewood kusa da Landan da wani lambu a kudancin Ingila, duwatsun nan masu ƙanƙara zane ne a kan gilashi. Majigin yana da aibinsa, har wata yarinya Baturiya aka shafa wa launi ta fito Ba'indiya. Duk da haka ban san wani labari da ya fi shi nuna abin da kan sami malamin da ya tafi da makaranta wurin mutanen da bai san harshensu ba, bai kuwa tambaye su abin da su ke so ba. A shekarar da ya fito Indiya ta sami mulkin kanta.

Wannan aiki ya sa manyan Holiwud, garin majigi na Amurka, suka neme ta. Kamfanin MGM ya ɗauke ta, aka haɗa ta da Clark Gable cikin The Hucksters a 1947, aka kuma yi ta shela don koya wa Amurkawa yadda a ke faɗin sunanta. Al'adar wurin a zamanin nan, ɗan wasa ya kan sa hannu a takarda ta shekara bakwai, a biya shi albashi mai tsoka kowane mako, shi kuwa ya yi duk wasan da aka ba shi. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Shugabannin kamfanin suka duba suka ga mace mai jan gashi, mai natsuwa, mai lafazin manyan Ingila, suka ce sun sami 'yar babban gida. Shi ke nan, sai suka yi ta ba ta wannan riga ɗaya. In ana son matar da za ta tsaya da doguwar riga tana kallo maza suna faɗa da takobi, ita ce. Aka kai ta Kenya da Uganda da Kwango don King Solomon's Mines na 1950, inda yawancin baƙaƙen mutane ba su da wani aiki sai ɗaukar kaya da rawa. A 1951 ta fito cikin Quo Vadis, labarin Rumawan da, za a jefa ta ga bijimi. Majigan sun kawo kuɗi ƙwarai, amma macen da ta iya fitowa mata uku tana da shekara 21, ga ta ta ba 30 baya ba a tambayarta kome sai ta yi kyau ta yi shiru. Sau ɗaya kurum a shekarun nan aka ba ta abin kirki, cikin Edward, My Son na 1949, ta fito matar da baƙin ciki ya jefa cikin shan giya har ta lalace.

Abin da ya cece ta, wani kamfani dabam, Columbia, yana shirin From Here to Eternity, labarin barikin soja a tsibirin Hawayi gab da harin da Japan ta kai ran 7 ga Disamba 1941. Ana neman wadda za ta fito matar wani kyaftin, wadda mijinta ya wulaƙanta har zuciyarta ta bushe, ta shiga neman wani saje. Joan Crawford aka fara yi wa magana, abin bai yiwu ba. Wakilin Deborah ya kai sunanta, mutane suka yi dariya, amma mai tsara majigin, Fred Zinnemann, ya ga hikimar abin: in aka sa wadda kowa ya sani da kamun kai, mai kallo zai so ya san abin da ya kai ta ga haka. Ta rina gashinta ya koma fari-fari, ta zauna ta koyi lafazin Amurkawa kamar ɗan makaranta. Majigin ya fito a 1953, ya ci kyautar Oska guda 8, watau babbar kyautar da masu sana'ar majigi na Amurka ke bayarwa shekara shekara. Akwai wani wuri a cikinsa, ita da Burt Lancaster a bakin teku, wanda ya ta da ƙura a lokacin, har yau kuma da shi mutane da yawa ke tuna ta. Ni dai ban yaba halin matar cikin labarin ba, Deborah ma ba halinta ba ne. Abin yabo shi ne ta yi kasada da sunan da ke ci da ita.

Ran 30 ga Satumba 1953, ranar da ta cika shekara 32, ta hau dandamali a birnin Niyok cikin Tea and Sympathy na Robert Anderson. Ta fito matar wani malamin makarantar kwana, wadda ta tausaya wa wani yaro da 'yan'uwansa ke yi wa ba'a suna ce masa mata-maza, mijinta kuwa yana goyon bayansu. A majigi in ka yi kuskure a sake ɗauka, a dandamali kuwa ba sakewa, kowane dare sai ka fara daga fari gaban sababbin idanu.

Da ta sami 'yancin zaɓen aikinta, sai ga ta ta koma ga malamai da masu zuhudu, irin rigar da ta yi ta ƙoƙarin tuɓewa. Wannan ya daɗe yana ba ni mamaki, sai da na lura da bambancin. Da, natsuwar ita ce dukan abin da a ke so a wurinta. Yanzu kuwa natsuwar murfi ce, tukunya tana tafasa a ƙarƙashi.

Mafi shahara cikinsu The King and I na 1956, labarin Anna Leonowens, wadda ta koyar da 'ya'yan Sarki Mongkut na Siyam, ƙasar da yanzu a ke kira Tailan, daga 1862 zuwa 1867. Yul Brynner ne sarkin. Wasa ne mai waƙe-waƙe, muryar Deborah kuwa ba ta kai ba, sai aka ɗauko wata mawaƙiya, Marni Nixon. Su biyu suka riƙa tsayawa kafaɗa da kafaɗa suna gwaji, har ya zama ba a gane inda maganar ɗaya ta ƙare waƙar ɗaya ta soma. Kamfanin bai sa sunan Marni ba, ya so a rufe zancen, amma Deborah da kanta ta faɗa wa wani ɗan jarida. Wajibi ne kuma mai karatu ya sani, labarin ba tarihi ba ne. An nuna sarkin kamar jahili mai taurin kai wanda baƙuwa ta zo ta waye masa kai. Sarki Mongkut na gaskiya ya yi shekara 27 yana zaman zuhudu da karatu kafin ya hau gado, ya iya Turanci, ya san ilmin taurari har ya lissafta husufin rana na 18 ga Agusta 1868 daidai, da wurin da za a gan shi. Saboda haka hukumar Tailan ta hana nuna majigin a ƙasarta.

A 1957 ta sake sa mayafin zuhudu cikin Heaven Knows, Mr. Allison, ita da Robert Mitchum su kaɗai a tsibiri lokacin yaƙi, ta kuma fito tare da Cary Grant cikin An Affair to Remember. A 1958 ta fito tsohuwar budurwa wadda uwarta ta danne har ba ta iya ɗaga ido, a 1960 matar wani makiyayin tumaki a Ostareliya wadda ba ta da buri sai ta sami gida ta zauna. Aurenta na fari ya mutu a 1959, a 1960 ta auri wani marubuci, Peter Viertel, suka zauna a ƙauyen Klosters cikin duwatsun Suwizalan.

Aikin da ita kanta ta fi so shi ne The Innocents na 1961, daga wani labari na Henry James. Wata 'yar limamin coci aka ɗauka ta reni marayu biyu, mace da namiji, ta koya musu karatu a wani babban gida a ƙauye. Tana ƙaunarsu ƙwarai. Sai ta fara ganin fatalwar wani bara da wata malama da suka mutu a gidan, ta tabbata a ranta sun shiga jikin yaran, kuma ba mai cetonsu sai ita. Ta yi ta matsa wa yaron ya faɗi sunan mamacin, ta matsa, ta matsa, har ya faɗi ya mutu a hannunta. Har majigin ya ƙare ba a bayyana ko fatalwar gaskiya ce ko a kanta kurum ta ke ba, Deborah kuwa ta yi wasan yadda kowace fassara ka ɗauka za ta zauna daidai. Matar ba muguwa ba ce, ba ta taɓa ɗaga bulala ba. Ta dai riga ta yanke hukunci a kan abin da ke damun yaran, ba ta ƙara sauraronsu ba. Na sha tuna ta in na ga malami ya ce da yaro daƙiƙi tun makon fari.

Sau 6 aka sa sunanta cikin waɗanda za a zaɓi gwanar shekara don kyautar Oska: saboda aikinta na 1949, 1953, 1956, 1957, 1958 da 1960. Ko sau ɗaya ba ta ci ba. Yul Brynner ya ci tasa a majigin da suka yi tare, ita kuwa Ingrid Bergman ta kada ta. The Innocents ma ko sunanta ba a sa ba.

A 1969 ta bar majigi, domin zamani ya juya, tsiraici da zub da jini sun yi yawa, wuraren da a ke ba macen da ta kusa 50 kuwa ba su da yawa. Ta koma dandamali inda ta fito. Ta yi The Day After the Fair a Landan a 1972, da Seascape na Edward Albee a Niyok a 1975. A 1985 ta sake zama malama cikin The Corn Is Green, labarin wata mace da ta buɗe makaranta a ƙauyen masu haƙar kwal a ƙasar Wels, ta tsinci wani yaro mai kai ta tura shi har jami'a. A shekarar nan ta yi majiginta na ƙarshe, The Assam Garden, ta kuma yi 'yan ayyuka a talabijin har 1986.

A watan Maris 1994 masu kyautar Oska suka kira ta suka ba ta ta girmamawa saboda dukan aikin rayuwarta. Wadda ta miƙa mata, Glenn Close, ita ma zuwa 2021 an sa sunanta sau 8 ba ta ci ba. Deborah ta fito a hankali, shekarunta 72, ƙarfi ya fara ƙarewa, jama'a duka suka miƙe tsaye suna tafi. Da ta sami bakin magana, abin da ta fara gaya musu shi ne ba ta taɓa jin tsoro kamar na daren nan ba. A 1998 Sarauniyar Ingila ta ba ta lambar girma ta CBE, amma rashin lafiya ya hana ta zuwa karɓa da hannunta. Ciwon nan mai sa rawar jiki, wanda likitoci ke kira Fakinsan, shi ya kama ta. Da ya tsananta sai ta koma Ingila kusa da 'ya'yanta, ta rasu a ƙauyen Botesdale cikin lardin Safok ran 16 ga Oktoba 2007, tana da shekara 86. Mijinta ya bi ta ran 4 ga Nuwamba, kwana 19 tsakani. A 2021, da ta cika shekara 100 da haihuwa, mutanen Gilasgo suka kafa allon tunawa da ita a unguwar da aka haife ta.